Labarin Da Ya Iso Bayan Alƙalami Ya Bushe: Daren Saukar Perseverance A Duniyar Mars

A daren Jumma'a, watau ranar Alhamis 18 ga watan Fabrairu na 2021 bayan an idar da sallar lisha, a cikin kwanakin farko na watan Rajab na Hijira 1442, na shimfiɗa tabarma a zauren gidanmu, na jingina wayata da gindin butar shayi, muka zauna ni da kawuna, dattijon da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi a makarantun firamare, domin mu kalli abin da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wadda ake kira NASA, ta yi alkawarin nuna wa duniya kai tsaye, shi ne saukar wata motar bincike marar direba a bisa doron duniyar Mars. Abin da allon wayar ya nuna mana dai ɗaki ne mai dishi-dishin haske a cibiyar JPL da ke gefen birnin Pasadena a jihar Kalifoniya, inda a wannan sa'ar rana take tsaka, ga mutane zaune jeri-jeri gaban kwamfutoci, kowa da takunkumi a fuska saboda annobar korona, ba ka ganin komai nasu sai idanu. Kawu ya gyara tabarau, ya daɗe yana duban allon, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ina tauraron? Ni mutane nake gani."

Ban ba shi amsa nan take ba, domin ni kaina sai daga baya na gane nauyin tambayar.

Shi wannan tauraro ba baƙo ba ne ga malamanmu na falaki da hisabi, waɗanda suka san shi da sunan Mirrihu, suka kuma lissafa shi cikin bakwai ɗin nan masu yawo a sararin sama, tare da Rana da Wata da Uɗaridu da Zuhura da Mushtari da Zuhalu. Jan da ido ke gani a jikinsa, wanda ya sa mutanen da suka danganta shi da yaƙi da jini, tsatsar ƙarfe ce kawai da ke cikin ƙurarsa. Har akwai riwayar da ke cewa birnin Alƙahira, wanda Fatimiyyawa suka kafa a shekarar 969, ya samo sunansa daga laƙabin wannan tauraro, wai don yana hudowa a lokacin da aka sa harsashin ginin. Tafiya zuwa gare shi kuwa tana da ranarta kamar kasuwar ƙauye, domin sai kimanin kowane wata 26 ne duniyarmu da shi suke daidaita a matsayin da hanya za ta yi sauƙi. Wanda ya makara sai ya jira wani cin kasuwar. Wannan ne dalilin da ya sa a watan Yuli na 2020 fatake uku suka kama hanya kusan tare: kumbon Al-Amal na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wanda ya shiga kewayen Mars ranar 9 ga Fabrairu, da Tianwen-1 na ƙasar Sin da ya isa washegari, sai kuma na Amurka, wanda ya tashi daga Cape Canaveral ranar 30 ga Yuli, ya yi kwana 203 yana keta sarari, ya ci tafiyar da ta haura kilomita miliyan 470. Su biyun farko sun fara da kewaye ne. Shi na ukun kai tsaye ya nufi ƙasa, ba birki, ba zango.

Motar da ke naɗe a cikinsa sunanta Perseverance, watau juriya, sunan da wani yaro ɗan makaranta a jihar Bajiniya ya ci gasa da shi. Ƙafa shida gare ta, tsawonta kimanin mita uku, nauyinta kilo 1,025, wutarta kuwa daga zafin sinadarin fulutoniyam take samunta, ba ta jiran hasken rana. A ƙarƙashin cikinta an goya wani ɗan jirgi mai saukar ungulu da bai kai kilo biyu ba.

Muna cikin sauraron bayanan share fage, ina yi wa Kawu tafinta gwargwadon iyawata, sai ya sake jefo tambaya: "To, a cikin waɗannan mutanen wane ne ke riƙe da sitiyari?" Na ce, "Kawu, babu ko ɗaya." A nan ne lissafi ya shigo, shi kuwa da ma nan ne gidansa. Na faɗa masa cewa a wannan dare tsakaninmu da Mars akwai kimanin kilomita miliyan 205, saƙon rediyo kuwa, wanda ke gudu da saurin haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, sai ya yi minti 11 da daƙiƙa 22 kafin ya ƙetare wannan tazara. Alhali kuwa saukar gaba ɗayanta, tun daga lokacin da kumbon zai taɓa saman iskar Mars har ƙafafun motar su dira ƙasa, minti bakwai ce kacal. Kawu ya yi shiru, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa kamar mai jan carbi, sa'an nan ya ɗago ya ce, "Ashe lokacin da za su ce mana ta fara shiga, ta riga ta yi minti huɗu a ƙasa, ko dai a raye ko a tarwatse." Na ce haka ne. Ya ce, "To, alƙalami ya bushe ke nan. Su ma 'yan jiran labari ne kamarmu."

Lalle ban ji wanda ya siffanta wannan dare da abin da ya fi wannan daidai ba. Mutanen da suka shafe shekaru suna ƙera wannan na'ura, suka auna kowace ƙusa, suka jarraba kowace igiya, suka rubuta mata umarni a kan duk abin da hankalinsu ya iya hararowa, a sa'ar da al'amarin ya kai maƙura ba su da ikon ƙara ko rage komai, domin ko da ɗayansu ya hango kuskure ya danna maɓalli, kafin umarninsa ya isa an daɗe da gamawa. Sun ɗauki sababi iyakar ijtihadinsu, abin da ya rage musu shi ne abin da malamai ke kira tawakkali, ko sun san sunansa ko ba su sani ba. Kalmar kai tsaye da ke rubuce da ja a kusurwar allon gaskiya ce game da fuskokinsu, amma game da Mars tarihi muke saurare, tarihin da bai wuce minti goma sha ɗaya da faruwa ba, wanda babu mahaluƙi a doron ƙasa, daga shugaban hukumar har mu da ke bisa tabarma, da ya riga wani saninsa.

Fargabar tasu kuwa tana da dalili. Iskar Mars wata irin masifa ce ga mai sauka, domin kaurinta bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba: ta isa ta ƙone abin da ya faɗo cikinta da gudu, amma ba ta isa ta riƙe laima har a sauka lafiya ba. Tarayyar Sobiyat ta sauke kumbon Mars 3 a watan Disamba na 1971, ya yi magana ta 'yan daƙiƙoƙi, ya yi shiru har abada. A 1999 Amurka ta yi asarar kumbo biyu cikin watanni uku, ɗaya daga ciki saboda wani kuskure da ko ɗan koyo a kasuwar hatsi zai ji kunyarsa, wato ɓangare guda na ma'aikata suna awo da ma'aunin Ingilishi, ɗaya ɓangaren da na mita, ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa da wane mudu yake aunawa. Beagle 2 na Ingila ya ɓace ranar Kirsimeti ta 2003, sai bayan shekara goma sha ɗaya aka hango shi a hoto yana zaune a ƙasa, ya sauka lafiya amma fukafukansa ba su gama buɗewa ba, suka danne eriyar da zai yi magana da ita. Schiaparelli na Turawan Yamma, a watan Oktoba na 2016, kwamfutarsa ce ta ruɗe ta ɗauka an riga an iso, ta saki laima tun ana sama, ya rikito. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce mutanen wannan cibiya, duk da zurfin iliminsu, suna da ɗan camfinsu: tun 1964, lokacin da kumbon Ranger 7 ya yi nasarar isa Wata bayan 'yan'uwansa shida sun ba da kunya, a ranar da wani ya raba gyaɗa a ɗakin, da wuya su fuskanci babbar rana ba tare da gyaɗa ba. Da na gaya wa Kawu wannan sai da ya yi dariya har ya yi tari, ya ce da gyaɗa ke kai mutum sama, da Kano ta daɗe da isa, tun zamanin dala.

A cikin wannan jiran ne na ba shi labarin wani abu da ya faru a lardin Katsina yana saurayi, wanda shi kansa bai taɓa ji ba. Ranar 3 ga Oktoba na 1962, kusa da ƙauyen Zagami, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa sai ya ji ƙara mai firgitarwa, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Shekaru da yawa bayan haka masana suka tabbatar cewa daga Mars ya fito, hujjarsu kuwa ita ce iskar da ta maƙale a cikin ƙwayoyinsa ta yi daidai da wadda kumbunan Viking suka auna a can bayan saukarsu a 1976. Wani babban dutse ne ya taɓa faɗa wa Mars, ya fantsamar da ɓaraguzai zuwa sarari, ɗaya ya yi ta gararamba har Allah Ya ƙaddara masa gonar Bakatsine. Irin waɗannan duwatsu suna da daraja a wurin masana, sai dai aibinsu guda: sun zo babu takardar shaida, ba a san daga wane kwari ko wane tudu aka ɓantaro su ba, kamar riwayar da aka tsinta ba a san mai ita ba. Aikin Perseverance shi ne ta haƙo duwatsu daga wurin da aka sani, ta rufe su cikin bututu, ko wata rana a aika a ɗauko. Wurin da aka zaɓa mata shi ne kwarin Jezero, mai faɗin kilomita 45, wanda aka raɗa wa sunan wani gari a ƙasar Bosniya, ma'anar kalmar kuwa tafki. Domin hotunan sama sun nuna cewa fiye da shekara biliyan uku da rabi da suka wuce kogi ya taɓa kwarara cikinsa, ya jibge laka a bakinsa kamar fadama, in kuwa wani ƙanƙanin abu mai rai ya taɓa zama a Mars, a irin wannan laka ce za a fi sa ran samun sawunsa. Kawu ya tambayi kuɗin, na ce kimanin dala biliyan 2.7. Ya girgiza kai. Ni ban ga laifin girgiza kan ba, amma na san ƙasashe da suka ɓatar da abin da ya fi haka ba su bar ko rijiya ba.

Da misalin ƙarfe goma saura minti goma sha biyu agogonmu, murya guda ta mamaye ɗakin, muryar Swati Mohan, injiniyar da aka haifa a Bangalor ta ƙasar Indiya, aka kai ta Amurka tana jaririya, wadda ke jagorantar aikin saita hanyar kumbon, aka kuma ɗora mata nauyin shelanta kowane mataki. Ta ce an shiga iskar Mars. Gudun a lokacin ya kusa kilomita 20,000 a sa'a, garkuwar da ke gaban kumbon tana shan zafin da ya kai wajen digiri 1,300, abin da zai narkar da tagulla. Bayan kamar minti huɗu ta ce laima ta buɗe, laima mai faɗin mita 21 da rabi, wadda aka harba a tsayin kilomita 11 alhali kumbon yana gudun da ya fi na sauti. Aka ɗan tafa, aka kuma kame, domin kowa ya san da sauran rina a kaba. Sai garkuwar ta faɗi, motar ta buɗe ido a karon farko ta dubi ƙasar da ke taso mata, ta shiga ɗaukar hotuna tana gwada su da taswirar da aka cusa mata tun daga gida, tana tantance inda take da inda duwatsu da ramuka suke, dabarar da ba a taɓa amfani da ita a saukar Mars ba sai a wannan karo, ba don ita ba kuwa da ba a yi kasadar zaɓar wuri mai gargada kamar Jezero ba.

Ina fassarawa ina tuntuɓe, sai na lura cewa ni ma na zama ɗaya daga cikin masu riwaya. Motar tana faɗa wa wani tauraron ɗan Adam da ke wucewa ta samanta, wanda ke kewaya Mars tun 2006. Shi kuma yana miƙa wa manyan faya-fayan sauraro da NASA ta girke a wurare uku na duniya, a hamadar Kalifoniya da kusa da Madrid da kusa da Kanbera, domin ko ta ina duniya ta juya a sami kunne a buɗe. Su suna miƙa wa Pasadena. Swati Mohan tana karanta lambobi tana mayar da su magana. Intanet yana kawo mini. Ni ina faɗa wa Kawu da Hausa. Isnadi ne cikakke, mai ɗabaƙa shida, wanda da malamin hadisi zai duba shi da sai ya ce raunin yana wajen na ƙarshe. A wannan daren hukumar ta watsa shirin da harshen Sifaniyanci a karon farko, wata injiniya haifaffiyar Kolombiya, Diana Trujillo, tana gabatarwa. Na Hausa kuwa bai wuce zaurenmu ba, masu sauraro mutum ɗaya.

Da ya rage kimanin kilomita biyu, motar da abin da ke ɗauke da ita suka rabu da laimar, suka faɗo sake na ɗan lokaci, kana rokoki takwas suka kama suna hura wuta ƙasa suna rage gudu. Daga nan ne aka zo ga dabarar da in mutum ya ji ta ba tare da ya san an taɓa yinta ba zai rantse tatsuniya ce, ko da yake da ita aka sauke wata motar mai suna Curiosity a watan Agusta na 2012. Ba a yarda rokokin su kusanci ƙasa, don kada su tono rami su binne motar da ƙura. Saboda haka a tsayin kamar mita 20 sai abin ɗaukar ya zura motar ƙasa da igiyoyi uku masu tsawon mita shida da 'yan kai, kamar yadda mace ke zura guga a rijiya, yana saukowa a hankali da saurin da bai kai tafiyar dattijo ba, har ƙafafun su taɓa, a yanke igiyoyin, shi kuma ya yi gefe ya je ya faɗi can nesa, aikinsa ya ƙare. Aka ce an fara zurawa. Ɗakin ya yi tsit. Na ga wani ya dafe kai da hannu biyu, wata ta runtse ido. Kawu ya ajiye kofin shayinsa ba tare da ya kurɓa ba.

Ƙarfe 9:55 daidai ta ce an tabbatar da sauka, Perseverance tana doron Mars lafiya, a shirye take ta fara neman alamun rayuwar da ta shuɗe. Mutanen suka zabura tsaye suna ihu cikin takunkumi, suna son rungumar juna suna tuna annoba, sai dai a haɗa dunƙulen hannu. Kawu ya ce, "Alhamdu lillahi," a hankali, kamar wanda aka ce masa matar maƙwabci ta sauka lafiya. Bayan 'yan mintoci hoton farko ya iso, baƙi da fari, dusu-dusu saboda murfin kariya da ba a cire daga idon kyamarar ba: ƙasa shimfiɗe, 'yan duwatsu warwatse, da inuwar motar kanta kwance a gabanta.

Muka fito ƙofar gida domin miƙe ƙafa. Wata ɗan kwana shida ya karkata yamma, ga wani ɗan ɗigo ja-ja a kusa da shi, can sama da su kuma Kaza da 'Ya'yanta. Na nuna wa Kawu ɗigon na ce ga tauraron da ya tambaya tun farko. Ya tuna mini da watan Yuli na 1969, lokacin da suka ji a rediyo cewa mutum ya taka Wata, da gardamar da ta ɓarke a majalisarsu, wasu suna cewa ƙaryar Nasara ce, har wani ya rantse ba zai gaskata ba sai ya ga sawun da idonsa. Ya ce shi a lokacin ya gaskata ne don lissafin ya yi masa daidai, yau ma haka, amma dai har yanzu ji ne, bai gani ba.

Ganin ya zo ranar Litinin 22 ga wata, lokacin da aka saki bidiyon da kyamarorin kumbon suka ɗauka, wanda ya yi nauyin da ba zai yiwu a aiko shi a daren ba. A nan ne muka ga laimar tana bajewa, fara da ratsin ja, ratsin da daga baya aka gane saƙo ne a ɓoye cikin lambobin kwamfuta, ɗauke da taken cibiyar da adireshinta a taswira, masu ƙwazo a intanet suka warware shi cikin 'yan sa'o'i. Muka ga garkuwar tana faɗuwa tana ƙanƙancewa, muka ga motar tana reto a bakin igiyoyi, ƙura tana tashi ta rufe komai. Kawu ya sa na maimaita masa wurin ƙurar sau uku. Abubuwan da suka biyo baya sananne ne: ɗan jirgin, Ingenuity, ya tashi ranar 19 ga Afrilu na daƙiƙa 39, aka shirya masa tashi biyar ya yi 72 kafin fiffikensa ya lalace a Janairun 2024, bututu goma kuma suna nan kwance a ƙasan Jezero tun farkon 2023, suna jiran mai ɗauka.

A ranar Litinin ɗin kuma aka saki wani ɗan sauti na 'yan daƙiƙoƙi, wanda makirufon motar ya ɗauka bayan sauka, sautin farko da wani makirufo ya taɓa ɗauka daga doron Mars. Na ƙure ƙarar wayar, na miƙa wa Kawu, ya kara ta a kunnensa na dama, mai ɗan sauran ji. Akwai gunjin injin motar, sa'an nan wani ɗan huci ya wuce. Ya ce in je in rufe ƙofar zaure tukuna, domin hunturu yana kaɗa zanan, bai san wace iskar yake ji ba.